Garin da ake kaɗawa a kofi ba sitem sel ba ne

To mai jar motar nan ya dawo. Jiya Juma'a da idona na gan shi a kasuwar Wudil, lasifika a kan mota, yana ta rantse-rantse wai ƙullinsa na sitem sel yana tayar da jijiyar da ta mutu cikin kwana talatin. Shi ne dai wanda mijin Yaya ya sayar da tumaki biyu ya kai wa kuɗin bayan ƙaramar sallah, don ya samo mata maganin ciwon jijiya mai suna MS da ya kama mata ƙafa da hannu. Kwali uku ta shanye. Ƙafar hagun nan tana janta yadda take janta, kofin shayi ma sai ta tallabe shi da hannu biyu.

Sannu likita. Sannu farfesan bakin kasuwa. Abin da ya gagari masana na Amurka da Ingila shekara da shekaru kai ka ƙulle shi a leda kana sayarwa kusa da masu rake.

Jama'a garin da ake kaɗawa a kofi ba sitem sel ba ne wallahi. Ku juya bayan kwalin ku karanta, tuffa ce da inabi. Sitem sel ƙwayar halitta ce mai rai, irin wadda ke cikin ɓargon mutum tana haifar da ƙwayoyin jini, to ta yaya za a busar da abu mai rai a daka shi ya kwana cikin zafin but ɗin mota sannan ya faɗa ciki a narkar da shi kamar tuwo, kuma ya fito ya nufi laka ya fara gyara? Ko kuwa Yaya bishiyar tuffa ce?

Ciwon da likitoci suka gano mata a Kano bayan hoton MRI sunansa MS. Mun yi shekara biyu ana cewa iska ce, ana cewa sammu ne, ba irin hayaƙin da ba ta sha ba. Ashe garkuwar jikinta ce ta juya tana cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, kamar dai ɓera ya gaigaye robar wayar caja, yau ta kawo wuta gobe sai ka lanƙwasa ta. Wani likitan Faransa mai suna Charcot ya bayyana ciwon tun 1868, a ƙiyasin 2020 mutum kusan miliyan 2.8 ke ɗauke da shi a duniya kuma ya fi kama mata. Har yau ba a samu maganin da ke warkar da shi kwata-kwata ba, sai dai na rage masa kaifi.

Aikin sitem sel na gaskiya akwai shi, ban ce babu ba, amma ji yadda ake yinsa. A asibiti za a kwashi ƙwayoyin daga jinin shi majinyacin a adana, a ɗura masa kemo mai ƙarfi irin ta masu kansa har garkuwar jikinsa ta rushe, sannan a mayar masa da ƙwayoyin su gina sabuwa wadda ba ta san tsohuwar gabar ba. Makonni mutum zai yi a killace, gashi ya zube, ƙaramar cuta ma tana iya kai shi lahira. A wani gwaji na Kanada da aka fitar a 2016 mutum 24 aka yi wa, ciwon ya daina kai musu sabon hari amma ɗaya ya rasu. Wani da Dakta Richard Burt na Shikago ya jagoranta aka fitar a 2019 da mutum 110, cikin waɗanda aka yi wa dashen 3 ne ciwonsu ya ci gaba, cikin masu karɓar magani kawai 34. Babban ci gaba ne. Amma ko wannan ɗin korar ɓeran ya yi, bai ɗinke wayar da aka riga aka cinye ba.

Ɗinke wayar shi ne inda ake fama har yanzu. A 2023 masana na jami'ar Kambirij ta Ingila da na Italiya suka saka wa mutum 15 sitem sel na jijiya kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, mutum 15 fa, kuma abin da suka fara dubawa shi ne ko zai yi illa. Akwai kuma wani tsohon maganin ƙaiƙayi da atishawa mai suna clemastine da aka gwada a Kalifoniya a 2017 aka ga saƙo ya ɗan ƙara sauri a jijiyar ido. Ɗan kaɗan. Masu abin suna tafiya a hankali suna cewa da saura, shi kuwa namu kwana talatin.

Na san za ku zo min da ai wata a Gaya ta sha ta miƙe. Ciwon ne haka, yana tasowa yana lafawa, Yaya ma da damina ta yi wata biyu tana zuwa rijiya da ƙafarta ba ta sha komai ba. Wani zai ce ai da lambar NAFDAC a jiki, to lamba ba shaidar warkarwa ba ce, kununzaƙin leda ma yana iya samun lamba. Masu cewa waraka ta Allah ce, sai ka ce na yi musu. Ta Allah ce, shi ya sa bai kamata a riƙa rantsuwa da sunansa a kan garin tuffa ba.

Mijinta ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Mutumin da yake goya matarsa zuwa banɗaki cikin dare, ka ce masa ga abin da zai miƙar da ita, ko gonar ka ce ya sayar zai sayar. Ranar da kwalin ƙarshe ya ƙare ta kira ni ta ce, ƙanina kar ka yi masa faɗa, so yake na tashi. Ban iya ce mata komai ba na fito zaure.

Ga zafi ya kunno kai kuma ciwon nan ba ya shiri da zafi, da rana ta take ƙafar sai ta ƙara nauyi idon ya dushe. Dan Allah wanda ya san inda ake samun fanka mai sola ta kirki a Sabon Gari ya yi min magana, ba irin wadda na sayo bara ba da batirinta ya kumbura tun kafin a yi shuka. Sannan ina neman mai walda da zai kafa mana ƙarfen dafawa a banɗaki, wanda muka ba aikin tun watan jiya kullum sai ya ce min ba wuta.