Ohio State ta ajiye makaminta ta tafi dambe da Michigan

Tun yammacin Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024, da Michigan ta je har Columbus ta doke Ohio State da ci 13 da 10 a wasan ƙwallon Amurka (American football) na jami'o'i, magana ɗaya aka yi ta maimaitawa a gidajen talabijin da bakin magoya baya. Wai 'yan wasan Ohio State ba su da ƙashi, wai sun sake nuna ba sa jure wasan ƙarfi, wai mafita ita ce su ƙara dagewa wajen ruga da ƙwallo ta tsakiya har sai sun iya. Wannan tunanin ne ya kayar da su ranar Asabar, kuma shi aka so a sake ɗura musu da sunan magani.

A duba alƙaluman wasan. Ohio State ta ruga da ƙwallo sau 26, ta samu yadi 77, wato ƙasa da yadi uku a kowane gudu. Kwatabak ɗinta, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, Will Howard, ya yi jifa 33, an cafke 19, yadi 175, tacdawun ɗaya (wato kai ƙwallo cikin gidan abokan hamayya a ƙarshen fili), abokan hamayya suka sace biyu. Jeremiah Smith, wanda babu mai cafke ƙwallo kamarsa a filin nan a ranar, ya tashi da cafka biyar da yadi 35. Bayan hutun rabin lokaci ƙungiyar ba ta ci ko maki ɗaya ba. Ƙungiyar da ke matsayi na biyu a ƙasa ke nan, wadda masu caca suka ba fifikon kusan maki ashirin, a gidanta, a gaban mutum sama da dubu ɗari, tana karawa da Michigan da ta zo da nasara shida da rashin nasara biyar.

Masu kare kociyoyin suna ɗaga alƙalami ɗaya: ai jifan ya fi gudun yawa, 33 da 26, to me ake kuka? Wanda ya faɗi haka takardar sakamako ya karanta, bai kalli wasan ba. Abin tambaya a harkar jifa shi ne yaushe aka yi shi. Jifa a yunƙuri na farko cikin huɗun da ake ba ƙungiya don ta ci yadi goma, lokacin da masu tsaro ba su san ko gudu za a yi ko jifa ba, daban yake da jifa a yunƙuri na uku da saura yadi takwas ko tara, lokacin da kowa a filin har da mai sayar da lemo ya san abin da ke tafe. A hali na biyun, masu kai wa kwatabak farmaki ba sa tsayawa duba mai gudu, kai tsaye suke nufar sa. Masu tsaron baya kuma suna ja su tsaya daidai layin da ake nema su jira. Da yawa daga cikin jife-jifen Howard irin waɗannan ne, na dole, bayan an ɓarnatar da yunƙuri ɗaya ko biyu wajen tura mai gudu cikin cunkoso. Wasu kuma an yi su ne a ƙarshen rabin farko da ƙarshen wasa, lokacin da agogo ya hana gudu.

Kuma cunkoson nan kowa ya san da shi tun kafin a buga wasan. Ƙarfin Michigan na 2024 yana wuri ɗaya ne, tsakiyar layin tsaronta, inda Mason Graham da Kenneth Grant suke, ƙarti biyu da kowannensu ya haura kilo 130, waɗanda a lokacin ake sa ran za a ɗauke su a zagayen farko na zaɓen 'yan wasan NFL, gasar ƙwararru. Raunin Ohio State ma wuri ɗaya yake, kuma daidai nan ne. Josh Simmons, mai tare gefen hagu, ya ji rauni a gwiwa a wasan Oregon cikin Oktoba. Seth McLaughlin, na tsakiya mai miƙo ƙwallo, jijiyar agararsa ta tsinke a atisaye cikin Nuwamba. Dole aka janye Donovan Jackson daga ciki zuwa gefen hagu, aka mayar da Carson Hinzman tsakiya, aka cike gurabun da suka rage da waɗanda ba su saba ba. Ma'ana mutum ukun da ke tsakiyar layin, waɗanda su ne za su ture Graham da Grant, haɗin gambiza ne na makonni biyu. Nan Chip Kelly, mai tsara harin Ohio State a lokacin, ya yi ta aika masu gudunsa Quinshon Judkins da TreVeyon Henderson, ana dawo da su, yana sake aikawa.

Can baya kuwa ƙofa a buɗe take. Will Johnson, mai tsaron gefen da Michigan ke taƙama da shi, bai buga wasan ba saboda rauni. Quinn Ewers na Texas ya jefa musu tacdawun uku a gidansu, Ann Arbor, cikin Satumba, aka tashi 31 da 12. Dillon Gabriel na Oregon ya yi musu jifan kusan yadi 300 a farkon Nuwamba, aka tashi 38 da 17. Ohio State na da Smith, matashin da ya karya tarihin Cris Carter na sabon ɗan wasa da ya tsaya tun 1984. Tana da Emeka Egbuka mai shekara huɗu a ƙungiyar, tana da Carnell Tate. Howard ɗin da aka yi ta zagi bayan wasan ya shigo wasan yana isar da sama da kashi 70 cikin ɗari na jifansa, kuma shi ne ya yi wa Oregon yadi 326 a gidanta.

Ba sai an yi hasashen abin da zai faru da an sake shi ba, domin an gani. Daf da hutun rabin lokaci, Michigan na gaba da 10 da 3, agogo ya tilasta wa Ohio State ta yi sauri. Ba taruwa a yi shawara, ba sauya 'yan wasa. Masu cafka suka bazu daga wannan gefe zuwa wancan, Howard yana karɓar ƙwallo yana sakin ta nan take, 'yan wasan Michigan ba su samu damar sauya gajiyayyu ba, kociyan tsaronsu Wink Martindale bai samu lokacin ɓoye tsarinsa ba. Yadi 75 suka ci a haka, Howard ya samu Smith a yadi goma na ƙarshe, aka tafi hutu 10 da 10. Wannan ne kaɗai tacdawun ɗinsu a wasan. Duk mai hankali ya ɗauka da wannan salon za a dawo. Aka dawo aka koma tafiyar hawainiya, aka ci gaba da karo da Graham da Grant.

Hujja mafi nauyi da ɓangaren kociyoyin ke da ita ita ce tsarin tsaron Michigan. Martindale, wanda aka sani da yawan turo mahara tun yana NFL, ya ja da baya a wannan karon. Sau da yawa ya ajiye masu tsaro biyu can nesa, ɗaya yana karkata wajen Smith. A littafin kociyoyi, idan ka ga mutum biyu a can baya, to an rage mutane a kusa da layi, saboda haka ka yi gudu. Lissafin daidai ne idan kowane mai tarewa zai iya riƙe mutum ɗaya. Amma idan Graham na cinye mutum biyu, Grant na cinye biyu, to masu tsaron tsakiya da ke bayansu sun zama babu mai taɓa su, kuma rinjayen da ka ƙirga a takarda ya ɓace. Michigan tarko ta ɗana, ta nuna musu tsakiya kamar babu kowa, su kuma suka yi ta faɗawa har wasa ya ƙare.

Tsarin mutum biyu a baya kuma ba ya hana jifa, jifa mai nisa kawai yake ragewa. Yana da ramuka da duk kwatabak na jami'a ya sani. Akwai tsakiyar fili, tsakanin yadi 10 zuwa 18, bayan masu tsaron tsakiya kuma gaban na can baya, inda mai cafka kamar Egbuka zai shiga ya tsaya. Akwai gefen layi, tazarar da ke tsakanin mai tsaron gefe da na baya, wadda ke buɗewa na ɗan lokaci. Akwai gajeren jifa na yadi biyar ko shida idan mai tsaron gefe ya ja baya, wanda a yunƙuri na farko ya ninka gudun yadi biyu kusan sau uku. Irin wannan jifan yana barin hannun kwatabak cikin daƙiƙa biyu zuwa biyu da rabi, kafin ƙato mai kilo 140 ya iso gare shi, saboda haka shi ne ma kariya ga layin da ya yi rauni. Idan kuma an sa mutum biyu a kan Smith, ba a barin sa tsaye a wuri ɗaya kamar turke. Ana motsa shi kafin a miƙo ƙwallo, a shigar da shi ciki, a jera shi bayan wani mai cafkar yadda ba za a iya dafe shi a layi ba, ko a jefa masa ƙwallo a bayan layi a bar shi da mutum ɗaya ya ga yadda za su ƙare. Ryan Day, babban kociyan Ohio State, ya fi kowa sanin wannan. Yana cikin masu tsara harin Ohio State a 2018, ranar da masu cafka suka yi ta ratsa fili a gicciye suna barin 'yan Michigan a baya, aka tashi 62 da 39.

Howard bai yi wasa mai kyau ba, wannan babu gardama. Jifansa na farko da aka sace ya yi shi ne daga bakin gidansu zuwa gefe, Aamir Hall na Michigan ya karance shi ya shiga gaba, ya kai ƙwallon har yadi biyu da gida, mai gudunsu Kalel Mullings ya ƙarasa. Tacdawun ɗaya tilo da Michigan ta samu ke nan. Na biyun Makari Paige ya ɗauke a zango na uku cikin huɗu, lokacin da Ohio State ke daf da samun aƙalla maki uku na bugun ƙafa. Howard ya kuma sha mugun karo a zango na biyu har aka fitar da shi aka duba shi. To idan kociyoyin sun ga ba ya cikin hayyacinsa, me ya sa suka bar shi a fili? Idan kuma lafiyarsa ƙalau, me ya sa suka ɗaure masa hannu? Kwatabak da ya yi kuskure ana dawo masa da natsuwa ne da jifa masu sauƙi guda uku ko huɗu a jere. Hana shi jifa sai a wuri mafi wuya ƙara rikita shi yake yi.

Wurin da tsoron ya fi fitowa fili shi ne bayan Caleb Downs na Ohio State ya sace jifan kwatabak ɗin Michigan, Davis Warren, ya ba su ƙwallo a yadi 16 na Michigan. Kyauta ce daga sama. Da Smith da Egbuka da Tate duk suna fili, amma a yunƙuri na uku mai nisa sai aka miƙa wa mai gudu, wato an haƙura da tacdawun an koma neman maki uku. Mai bugunsu Jayden Fielding ya buga daga yadi 34 ya zubar. Masu ɗora wa Fielding laifin wasan saboda bugu biyu da ya ɓarar suna neman mai sauƙin duka ne kawai, domin ƙungiyar da shugaban wasanninta Ross Bjork ya ce an kashe wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20 bai kamata makomarta ta rataya a ƙafar mai bugu ba a gaban Michigan ɗin da ta yi jifan yadi 62 kacal. Masu kawo sanyi da iska kuma su tuna a cikin sanyin nan aka ci yadi 75 kafin hutu.

Daga ina wannan taurin kai ya samo asali? Daga kunnen Ryan Day. Tun 2021 da Michigan ta doke su 42 da 27, sannan 45 da 23, sannan 30 da 24, ake ce masa ƙungiyarsa ta 'yan gayu ce. Kowa ya tuna Satumbar 2023, bayan nasarar 17 da 14 a kan Notre Dame, yadda ya tsaya gaban kyamara yana huci yana neman tsohon koci Lou Holtz saboda ya ce ana fin Ohio State ƙarfi. Mutumin da maganar dattijo ɗan sama da shekara tamanin ta dama haka, ba mamaki ya zo wasan Michigan yana son ya ci ta hanyar Michigan. Sai ga alƙalamin da ake ta yawo da shi, cewa sama da shekara ashirin duk wanda ya fi yawan yadin gudu shi ke cin wannan wasa. Gaskiya ne, amma an juya shi a bai-bai. Wanda ke gaba shi ke yawan gudu don ya cinye lokaci, wanda ke baya shi ke barin gudu ya koma jifa. Mullings ya ɗauki ƙwallo sau 32 ne saboda Michigan ba ta da wani zaɓi, ga kwatabak mai rauni, ga babban mai cafkarsu Colston Loveland ba ya nan. Ohio State tana da zaɓi. Ita ce ta fitar da masu cafka Garrett Wilson da Chris Olave da Jaxon Smith-Njigba da Marvin Harrison Jr., dukkansu 'yan zagayen farko a NFL. Rashin sani ya fi dare duhu, amma wannan ba rashin sani ba ne, kunyar abin da aka iya ce.

Ihun da aka yi ta yi bayan wasan na a kori Day nan take ba shi da amfani, haka ma ɓata lokaci a kan dambarwar da ta ɓarke da 'yan Michigan suka nemi kafa tutarsu a tsakiyar fili bayan wasa da tarar dala dubu ɗari da Big Ten, gasar da su biyun ke ciki, ta ci kowace makaranta. An rasa wasan ƙarshe na Big Ten, Oregon da Penn State ne suka je Indianapolis inda aka buga shi. Sai dai gasar fitar da zakaran ƙasa ta 2024 ta ƙungiyoyi 12 ce, kuma da nasara goma da rashin nasara biyu Ohio State ta samu shiga. A lokacin akwai makonni uku kafin a fara ta. Abin da ya kamata a lokacin shi ne Day ya zauna da Kelly, tsohon kociyansa tun New Hampshire, ya gaya masa abin da kunya ta hana a faɗa ranar Asabar. A riƙa jifa a yunƙuri na farko. A dawo da saurin da aka gani kafin hutu tun daga zango na farko. Gudun da za a yi a karkatar da shi gefe, inda Henderson ke da fili. Sannan a sa mutum ɗaya a ɗakin kociyoyi na sama ya riƙa ƙirga sau nawa aka nufi Smith da ƙwallo, idan zango ya ƙare bai kai uku ba ya yi magana a rediyon kunne.