Oba-obar yaran jinga da ruwan daren Talata

Wallahi tun jiya abin nan yake cina, na ce ba zan tanka ba amma na kasa. Oba-oba huɗu muka haɗa kuɗi muka siyo wa yaran da ke kwana a bakin jinga, wani gero ya auna ya siyar, wata tsohuwa a layinmu kazarta ta kai kasuwa, yau ko wata biyu ba a rufa ba ruwan daren Talata ya jiƙa oba-oba biyu sun mutu murus, kuma aka tashi a gaban mai gari ana cewa ƙaddara ce. Haba jama'a. Da an sa su a ledar burodi, da ta raba mu da wannan asarar.

Kowa a nan ya san me ya sa muka siye su. In ka gangara fadama sabis ɗin waya ɗaukewa yake, kuma kogin Haɗeja in ya kwaso ruwan dam ɗin Tiga da na Challawa ga malkar Agusta a kai, ba ya jiran wani ya hau tudu neman sabis. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Ringim ba sai an masa bayani ba. Wannan abar ita ce za ta tashi gari cikin dare in jinga ta fara tsagewa, ita aka rataya a kafaɗa tsirara ruwa na dukanta tun isha'i har asuba.

Wani ya ce min ai mai shago ya rantse ba ta jin ruwa. To ɗauko kwalin ka duba. Wadda aka yi don ruwa za ka ga an rubuta IP67, wato ƙura ba ta shiga kuma tana jure nutso na mita 1 tsawon minti 30. In IPX4 ka gani to feshi kawai take ɗauka. Tamu Baofeng UV-5R ce, ba a yi ta don ruwa ba, kowa ya san don arha muka ɗauke ta. Ruwa yana bi ta ragar sifika, yana bi ta gefen nan da ake soka abin kunne in ka bar murfin robar a buɗe, yana bi ta bayan batir. Ka sa ta a leda kafin ka fita, eriya sama, bakin ledar ƙasa, ka ɗaure da roba, in hadarin ya haɗu sosai ka ƙara ta biyu, shikenan fa.

Masu cewa leda tana tare sigina kuma, don Allah ku bari. Sigina yana ratsa leda kamar babu ita, iyakaci murya ta ɗan dushe, sai ka matso da bakinka. Murya a dushe da shiru gaba ɗaya ranar da ruwa ya ɓalle, wanne ka zaɓa wa 'ya'yanka?

Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne abin da aka yi bayan sun jiƙe. Yaro ya ga fuskar ɗaya ta yi hazo sai ya dinga kunnawa yana kashewa wai yana gwadawa, gari na wayewa ya kai ta shagon caji. Nan aka ƙarasa ta. Ruwa a ciki ga wuta tana bi, dole allon ciki ya ƙone. Da batir ya fara cirewa, ya kwance eriya, ya goge ta ya ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana biyu ko uku, da wataƙila yau tana magana. Ɗayar kuma a buhun shinkafa aka tura ta, shinkafa ba ta zuƙo ruwan da ya shige can ciki, garinta ma take ƙarawa a ramukan.

Ni ban ga laifin yaran nan su kaɗai ba, Allah ya sani. Suna kwana cikin sauro da taɓo mu muna ɗaki, ko sisi ba a biyansu. Mu manya da muka miƙa musu kaya ba wanda ya zauna minti biyar ya nuna musu. Ƙannena ku ji ni, biyun da suka rage ku sa su a leda, kuma in kun dawo ku kwance su sha iska don leda tana gumi daga ciki. 'Yar jakar nan mai ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi ku daina yarwa, ku jefa ta ciki tana shanye laima.

Af, tunda na ambaci takalmi, shekaranjiya na ga uku daga cikinsu da silifas suke shiga kachala, alhali ruwa ya koro macizai duk sun hau jinga. Mu haɗu bayan la'asar a ƙofar masallaci a san yadda za a yi da takalman ruwa, ni na ɗauki ƙafa biyu.