Jerin kalmomin Turanci bisa tsawo: na 'yan Scrabble ne, ba na masu WAEC ba

Ana ta yaɗa wasu jerin kalmomi a Facebook da WhatsApp: masu haruffa biyar da suka ƙare da IGHT, masu haruffa bakwai da ke ɗauke da Q, har a rubuta a sama wai ga hanyar ƙwarewa a Turanci kafin jarrabawa. Jama'a, a daina ruɗar yara. Irin wannan jeri ba ya koyar da ma'ana, ba ya nuna yadda kalma ke zama cikin jimla. A 2015 Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya ci gasar duniya ta Scrabble (wasan jera kalmomi a kan allo da haruffa masu maki) ta Faransanci alhali ba ya jin yaren. Haddace kalmomin kawai ya yi. Ɗalibin da zai rubuta insha'i ya je ya karanta littafi da jarida.

Amma ga ɗan Scrabble, jerin nan shi ne jarinsa, in ya san ta inda zai fara. Yawanci a nan ake kuskure: mutum ya ɗauko dogayen kalmomi daga A yana bi, ya gaji kafin ya kai C.

A fara da masu haruffa biyu. A ƙamus ɗin Collins, wanda ake gasa da shi a Najeriya, guda 127 ne a bugun 2019, aikin mako ɗaya ga mai himma. Su ne ke ba ka damar jera kalmarka a gefen ta abokin wasa, ka ci maki ta tsaye da ta kwance lokaci guda. Harafin X maki 8 ne. Ɗora shi a gidan da ke ninka harafi sau uku, ya yi AX ta nan, XI ta can, ka tashi da 48 tun ba a lissafa sauran haruffan ba. A kuma riƙe cewa babu kalma mai haruffa biyu da ke da V, shi ya sa ake toshe hanya da shi.

Sai Q, mai maki 10, wanda ke maƙale wa mutane a hannu saboda U huɗu ne kacal cikin haruffa 100 na jakar da 'yan wasa ke ɗiba daga ciki. Maganinsa 'yan kalmomin da ba sa neman U: QI, QAT, QADI, QIBLA, NIQAB, TALAQ. Rabinsu Bahaushe ya riga ya san su daga Larabci.

Daga nan masu haruffa uku da huɗu, tare da abin da ake liƙa musu gaba ko baya. RAIN na karɓar B, D, G da T a gaba. Wanda bai san haka ba zai buɗe wa abokin karawarsa ƙofa da hannunsa.

Masu haruffa bakwai su ne masu tsoka, don wanda ya zubar da haruffansa bakwai a tashi ɗaya yana da ƙarin maki 50. Nan ba a haddace su yadda suke a ƙamus. Ana yanka kati, a rubuta haruffan bisa jerin abacada a fuska ɗaya, misali AEINRST, a bayan katin kuma amsoshin: RETAINS, NASTIER, RETINAS, STAINER. Dalili shi ne a wasa haruffa a hargitse suke zuwa, sai ido ya saba da tarin kafin kalmar ta faɗo. Kuma a fara da haruffan da suka fi yawa a jaka: E guda 12 ne, A da I tara-tara, N, R da T shida-shida. Tushe irin TISANE kusan kowane harafi yana karɓa: da D ya ba da STAINED, da G ya ba da SEATING, da L ya ba da SALIENT. Kati 20 a rana, ana maimaita na jiya, ya fi 200 a zama ɗaya.

Illar wannan mataki ita ce kwaɗayi. Sai ka ga mutum ya rungume haruffa shida yana ajiye ɗaya-ɗaya, yana cin maki 8 ko 10, yana jiran na bakwai, abokin wasa kuwa yana kwasar talatin-talatin. An san 'yan wasan Najeriya da fifita gajerun kalmomi masu tsare allo, kuma daga cikinsu Wellington Jighere ya fito ya doke Lewis Mackay a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar duniya.

Kafin ka sauke kowane jeri daga intanet, duba ƙamus ɗin da aka ciro shi da shekarar bugu. Jerin Amurka daban yake da Collins, kuma ana ƙara kalmomi ana cire wasu. OK, alal misali, sai a 2019 ta shiga Collins. In ka ajiye kalmar da babu ita aka ƙalubalance ka, za ka kwashe haruffanka, ka kuma rasa wannan zagayen.