Baƙin ruwan sukari ba balsamikon Modena ba ne

Wannan bidiyon da kuke ta tura wa juna tun shekaranjiya, na baiwar Allahn nan da ta zuba ruwan khal a tukunya, ta antaya masa sukari da kalar abinci, ta tafasa minti 15 ta ce wai ga balsamikon Modena na asali, wato baƙin khal ɗin nan mai kauri na garin Modena a Italiya, ta haɗa a gida: ƙarya ce tsagwaronta. Ta dafa abinta ta ci, babu mai hana ta. Sunan ne ba nata ba. Amma waɗanda suka fi ɓata min rai su ne masu sharhi a ƙasa, masu cewa Italiyawa sun rasa aikin yi, a kan ruwan tsami suke zarya a kotu. Ku da ba ku san yadda ake yin abin ba, me ya kai ku yanke hukunci?

Na asalin, wanda Tarayyar Turai ta yi wa rajista a 2000, a larduna biyu kaɗai ake yin sa a duk duniya, Modena da Reggio Emilia, a arewacin Italiya. Kayan haɗinsa guda ɗaya ne tak: ruwan inabin yankin, galibi nau'in inabin da ake kira Trebbiano da Lambrusco. Ba sukari, ba kala, ba ruwa, ba komai. Da kaka ake tsinke inabin a matse, a ɗora ruwan a buɗaɗɗiyar tukunya kafin ya fara tsami, a bar shi a kan wuta kaɗan-kaɗan na sa'o'i masu yawa har ya ƙone da kashi ɗaya cikin uku ko ma rabi. Tun a nan ake faɗuwa. Wanda ya cika wuta, ruwan zai kama ɗacin ƙauri, kuma wannan ɗacin ko shekara 25 ba za ta fitar da shi ba. Wanda ya dafa ya yi kauri fiye da kima, zaƙin zai fi ƙarfin yis, ruwan ya zauna ya ƙi juyawa.

Daga nan sai babbar ganga, wadda suke kira badessa, inda yis ke fara aikinsa, ƙwayoyin tsami su karɓa su mai da shi khal. Sannan ya shiga jerin gangunan katako, yawanci biyar zuwa bakwai, kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta, misali lita 60, 50, 40, 30 da 20. Kowace da irin itacenta: akwai ta ceri mai sa masa ɗan zaƙi, akwai mai ƙara masa duhu, akwai mai ba shi ƙamshi irin na ƙaro. Sabuwar ganga ma ba a zuba mata kai tsaye, sai an jiƙa ta da khal watanni ta sha tsami tukuna. Ba a cika ganga har baki, ana barin sarari don iska. Ba a toshe bakinta, ɗan ƙyalle kawai ake ɗorawa saboda ƙura da ƙwari.

Kuma ku lura da inda ake ajiye su. Giya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ake ɓoye ta saboda sanyi. Wannan kuwa can sama ake kai shi, ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gida, inda zafin bazara ke dukansa ya tsotse ruwa, sanyin hunturu ya zo ya kwantar da shi ya tace. Kusan kashi 10 cikin ɗari na abin da ke cikin gangunan yana bin iska duk shekara. Da hunturu mai gida zai hau sama, ya ɗebi kaɗan daga ƙaramar ganga, ya cike gurbin daga wadda ke bi mata, ita ma a cike ta daga ta gaba, har a kai babba, ita ce ake ƙara wa sabon dafaffen ruwa. Mai haɗamar da ya ɗebi da yawa ya cuci kansa, domin sabo zai rinjayi tsoho, shekarun gangar su koma baya. Wanda ya bari zaƙi ya rinjayi tsami, wata rana zai leƙa ƙaramar ganga ya tarar ta daskare. Idan tsohuwar ganga ta fara yoyo ba a jefar da ita, sai a kira maƙerin ganga ya gina mata sabuwa a jikinta ta waje, saboda katakon cikin nan shi ne dukiyar.

Shekara 12 kafin a ba ka izinin sayar da ɗigo ɗaya da wannan suna. Shekara 25 kafin a kira shi tsohon gaske. Bayan haka ma sai masana ɗanɗano biyar sun zauna sun duba launi da kauri da ƙamshi, ba tare da sun san na wane ne ba, in bai kai ba a mayar maka da kayanka. Wanda ya wuce, a Modena kwalba iri ɗaya ake zuba wa kowa, mai cin mililita 100, wadda Giorgetto Giugiaro ya zana, mutumin da ya zana motar Golf ta farko. Shekara 12 a gefe guda, minti 15 a ɗaya gefen, sannan a ce suna ɗaya za su amsa?

Na san za a ce ai a kanti ana samun kwalba mai rubutun Modena da araha. E, akwai, kuma halastacciya ce, amma aji na biyu ce, wadda aka yi wa rajista a 2009. Ita ana haɗa ruwan inabi da khal, an yarda a sa ƙonannen sukari har kashi 2 cikin ɗari, kuma kwana 60 a katako ya wadatar. Ita ake yi miliyoyin litoci. Ku juya kwalba ku karanta: in kun ga kayan haɗi biyu ko uku, ita ce. To ko ita ɗin da dokarta da iyakarta, ba a tukunyar kowa ake yin ta ba.

Masu cewa ai suna ne kawai, ba zan tsaya dogon musu da ku ba. A 1861 Italiya ta zama ƙasa ɗaya, amma tun 1716 sarkin Toskana, wani yanki a tsakiyar Italiya, ya shata iyakar ƙasar da za a kira inabinta da giyarta Chianti. Barolo da duniya ta sani a matsayin sunan giya, ƙauye ne. Montalcino ma da ake kiran wata giyar da sunansa, gari ne. Mutanen nan kafin su zama Italiyawa 'yan garuruwansu ne, kuma da abin da ƙasarsu ke fitarwa suke gane junansu. A 2007 manoman yankin Friuli na Italiya suka rasa sunan giyarsu Tocai da suka gada, saboda Hangare ta ce ya yi kama da Tokaj ɗinta, kuma dole suka haƙura suka sauya. Sun san zafin abin daga ɓangarorin biyu. A Modena kuwa, kalmar balsamiko tana cikin kundin gidan sarautar Este, masu mulkin garin a lokacin, tun 1747. A gidaje da yawa idan aka haifi 'ya mace sai a kafa mata jerin ganguna, su girma tare, ranar aure ta tafi da su gidan miji, kamar yadda uwa a wurinmu ke tara wa 'yarta kayan ɗaki tun tana goye. Girgizar ƙasar Mayun 2012 da ta auka wa yankin ta fasa ganguna a gidaje, abin da kakanni suka fara ya malale a ƙasa, kuma babu kuɗin da zai sayo waɗannan shekaru. Wannan ne kuke kira suna kawai?

Gaskiya ne a Disambar 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke, a shari'ar wani kamfanin Jamus, cewa kalmar balsamiko ita kaɗai ba mallakin Modena ba ce. A 2021 Sulobeniya ma ta fito da tata dokar da ta ba masu yin khal a ƙasarta damar kiran nasu balsamiko, Italiya ta tayar da jijiyar wuya. A ganina hukuncin ya buɗe ƙofar ruɗin masu saye, amma ko shi bai ba kowa damar rubuta Modena a kan abin da ba na Modena ba. Baiwar Allahn nan Modena ta ce.

Masu tambayar ko ba giya ba ce: khal ne, kuma hadisin da Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗi yana cikin Sahihu Muslim. Mai neman ƙarin bayani ya je wurin malaminsa. Kuma don Allah, wanda Allah ya hore wa na asalin kada ya ɗora shi a wuta ko ya kwarara a salak. Ɗigo uku ko huɗu ne a kan cukun Parmigiano, ko gasasshen nama bayan an sauke.

Abin da ya sa na damu har haka, 'yan uwanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan. Albasar Galmi, jar nan da ake lodawa a tirela har Abijan da Akara, akwai lokacin da wani kamfanin iri daga waje ya nemi yi wa sunanta rajista a matsayin nasa, sai da manoma da hukuma suka tashi tsaye. Yanzu ita da kilishin Nijar suna da rajistar sunan asali. Mu a Nijeriya fa? Fatar jar akuyar Sakkwato ta daɗe tana ƙetare Sahara, Turawa suna saye suna kiranta fatar Maroko, har yau da yawansu ba su san daga ina take ba. Ku je Kurmi ko Kofar Wambai ku tambayi masu jima da dukawa nawa ake sayen fata ɗaya a hannunsu yanzu.