Kafin ka danna, sauya sunan tukuna

'Yan uwana matasa, ga wani gwaji da bai fi minti ɗaya ba. Duk labarin da ya faɗo maka a Facebook ko WhatsApp game da ɗan siyasar da ba ka so, cire sunansa ka sa na gwaninka, ka sake karantawa. In ka ji bakinka ya koma "ai sai an bincika", bayan ɗazu har ka rubuta "Allah ya isa", to ba hujja ce ta yanke maka hukunci ba, so ne da ƙi. Dama so hana ganin laifi ne.

Ku duba kuɗin fetur. A Janairun 2012 gwamnatin Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka fito zanga-zanga a Kano da Kaduna da Legas har aka dawo da ita 97. A Mayun 2016, zamanin Buhari, ta tashi daga naira 86 da kwabo 50 zuwa 145. Da yawa cikin masu ihun 2012 suka yi gum, wasu ma suka koma kare ƙarin, waɗanda suka kare Jonathan kuwa suka zama masu kuka da talauci. Da Tinubu ya ce tallafi ya tafi ranar 29 ga Mayun 2023, aka sake musayar kujeru. Akwai tambayoyi na gaske a maganar: nawa tallafin ke ci, wa ke amfana, ina rarar ke tafiya. Amma a ƙarƙashin rubutu ba ka ganin su, sai "ɗan amshin shata" da "nawa aka ba ka na data?" Da zarar an kira mutum ɗan koren wani, an huta da amsa hujjarsa ke nan.

Su kuma shafukan nan ba ruwansu da mai gaskiya. Abin da suke ƙirgawa shi ne yawan sharhi da turawa da daɗewar ido a kan rubutu. Zagin da ka yi a ƙasan rubutun sojan baka sharhi ne a lissafinsu, kai ka ƙara masa kasuwa, gobe kuma a sake kawo maka irinsa. In ka toshe duk wanda ya saɓa maka, wata uku ya isa shafinka ya zama zauren mutum ɗaya, ka ɗauka duk gari ra'ayinku guda. Ranar da sakamakon zaɓe ya fito akasin haka, abin da zai fara zuwa bakinka shi ne maguɗi.

Kafin ka tura hoto, sa shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka ga inda ya fara fitowa. Sau tari taron da ake cewa na jiya ne na zaɓen baya ne, ko ma na wata ƙasa. Bidiyon daƙiƙa 20 da aka yanko daga jawabin awa guda, nemi cikakkensa. Saƙon WhatsApp mai alamar kibiya biyu ya riga ya bi hannu da yawa, ba a san mai shi ba. Hoton da aka ce kanun BBC Hausa ne, shiga shafinsu ka duba, domin ɗora tambari aikin minti biyu ne a waya. In maganar kotu ce, tambayi wace kotu da wace rana. Shari'ar gwamnan Kano ta isa misali: kotun sauraron ƙararrakin zaɓe da ta ɗaukaka ƙara sun soke nasarar Abba Kabir Yusuf a 2023, Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da kujerarsa ranar 12 ga Janairun 2024. Mai riƙe da hukuncin farko kawai zai rantse da Allah, kuma tsohon zance yake yaɗawa. Ayar Suratul Hujurati ta 6 bincike ta ce a yi, ba ta ware labarin da ya yi maka daɗi ba.

Sannan ka auna wanda kake ɓatawa da ɗan uwanka a kansa. Ganduje mataimakin Kwankwaso ne har sau biyu kafin su raba gari. Kwankwaso ya bar PDP zuwa APC a 2013, ya koma PDP a 2018, ya shiga NNPP a 2022. Shekarau ma ya yi irin wannan zagayen. Su suna haɗuwa wajen ɗaurin aure su gaisa, kai kuwa ka fice daga zauren WhatsApp na danginku saboda kawu ya soki jam'iyyarka, har gaisuwar Sallah ta gagara.

Yarfe kuma ba kyauta ba ne. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, shi ake yawan kama masu rubutu da shi, hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai. Goge rubutu ba ya ceto, wani ya riga ya ɗauki hotonsa. Wanda ya turo maka katin naira dubu ka yi zagin kuwa, ranar da 'yan sanda suka zo, wayarsa a kashe za ka same ta.