Kanon cikin fim ba ita ce Kanon da muke zuwa ba

Kusan duk fim ɗin Hausa da za a kunna a Maraɗi, haka yake soma nuna Kano: a ɗauko gadar Ƙofar Nassarawa daga sama, daƙiƙa biyar, sai a faɗa falo mai kujeru manya. Shi ke nan birni ya ƙare! Wanda ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa sarin atamfa a Kantin Kwari ya san ba haka Kano take ba. Ina cunkoson adaidaita sahu? Ina ƴan dako da dila a ka?

Dalilin sananne ne. A kasuwa makirfo na kwasar hon da ƙarar janareta, jama'a su taru suna kallon kyamara, gida guda kuwa a kama haya a gama komai cikinsa. Amma akwai dabara. A fita ƙarfe 6 zuwa 7 na safe, haske na da taushi, mutane ba su cika ba. A maƙala ƙaramin makirfo a wuyan riga, abin da ya lalace a sake naɗar muryar a sutudiyo.

Abin takaicin, yaranmu na tafiya ci-rani da hoton falon nan a ransu, su sauka tasha ba su san kuɗin hayar ɗaki ba.