Labarin ban mamaki: wa ke komawa ya ji yadda aka ƙare?

A watan Yunin 2019, ana cikin gajiyar ƙaramar Sallah, labari ya ɓullo daga Kano cewa goggon biri ya haɗiye Naira miliyan 6.8, kuɗin da aka tara a ƙofar gidan zoo lokacin bikin. Ba majalisar da ba ta tattauna shi ba a Sakkwato, daga teburan masu shayi na Mabera har rumfunan Tsohuwar Kasuwa. Kwanaki kaɗan bayan haka gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu goggon biri ko ɗaya a gidan. Kuɗin kuwa sun ɓace da gaske, har 'yan sanda suka tsare wasu ma'aikata. Yau idan ka tayar da zancen, birin kowa zai tuna. Da wuya ka samu mai gaya maka ko kuɗin sun dawo, ko wa aka hukunta.

Kafin nan, a Fabrairun 2018, an yi na maciji, wanda aka ce ya haɗiye Naira miliyan 36 na hukumar JAMB a ofishinta na Makurɗi, kuɗin katin jarrabawa da iyaye suka biya da guminsu. Hukumar EFCC ta gurfanar da ma'aikaciyar da ake zargi a gaban kotu a 2019. Ranar da aka ce maciji duk ƙasar nan ta ji. Ranar da aka shiga kotu mun riga mun koma kan wani zancen.

Ana yawan zarginmu da saurin yarda. Ni abin da ya fi damuna shi ne saurin tashinmu daga kan magana. Labarin ban mamaki kullum rabinsa ne yake fara isowa, wanda ake yi a kasuwa ko a waya, da ihu ko da dariya. Sauran rabin yana fitowa daga baya, a asibiti, a kotu, ko a ɗakin gwaje-gwaje, kuma a can ne ake gane abin da ya faru. Mu kuwa ba ma zuwa can. Shi ya sa labari ɗaya zai dawo mana bayan 'yan shekaru, ya same mu yadda ya bar mu, ya sake cin mu.

Duk wanda ya mallaki hankalinsa a 2014 zai tuna daren gishiri. A farkon watan Agusta ne, wayoyi suka dinga ƙara tun kafin kiran assalatu. Uwa ta kira ɗanta da ke makaranta, ƙanwa ta kira yayarta da ke aure a wani gari: "Tashi ki yi wanka da ruwan zahi da gishiri, ki sha kaɗan, kahin rana ta hito." Mata suka hura wuta cikin duhu, ana ta da yara cikin magagin barci ana kwara musu ruwa. Wai rigakafin Ebola ke nan, cutar da ta shigo Legas ranar 20 ga Yuli ta jikin Patrick Sawyer, ɗan Laberiya. Gaba ɗaya mutum 20 ta kama a Najeriya, takwas suka rasu, a Legas da Fatakwal. Ba ta taɓa taka Arewa ba. Gishirin kuwa ya iso ko'ina cikin dare ɗaya, ya kashe aƙalla mutum biyu, ya kwantar da wasu a asibiti, domin gishiri mai yawa yana tayar da hawan jini. Abin da ya tsayar da cutar shi ne bin sawun duk wanda ya yi hulɗa da marar lafiya, da killace shi, da jajircewar ma'aikatan lafiya irin su Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana Sawyer fita daga asibiti, ta kamu da cutar, ta rasu. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Najeriya ta rabu da Ebola. Wannan shi ne ƙarshen labarin, kuma shi ya kamata a koya wa yaranmu.

Ba na ganin laifin uwar da ta buga waya a daren nan. Ƙauna ce ta tashe ta. Kuma wanda yake da dangi a Sabon Birni ko Isa ko Goronyo ya san cewa a wannan zamani saƙon gargaɗi ba abin wasa ba ne. Akwai wanda aka ce masa kada ya bi hanya kaza yau, ya ƙi ji, ya faɗa hannun 'yan bindiga. Mutumin da ya ga haka ba zai tsaya dogon bincike ba idan wani gargaɗin ya zo, turawa zai yi, ya ce gara a ji tsoro a banza da a yi da-na-sani. Wannan hankali ne, ba wauta ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, tsoron da ke cetonmu a kan hanya shi ne kuma ake hawa a sayar mana da ƙarya. A 2004, shekara uku kacal da shigowar wayar salula, aka ce akwai lambobin da idan ka amsa kiransu za ka faɗi matacce. Kamfanonin waya suka ƙaryata, ba a nuna gawa ko ɗaya ba, amma zancen bai mutu ba, yakan sake ɓullowa da sababbin lambobi. Da mun saba komawa mu tambayi wa ya mutu, a wane gida, ina aka yi jana'iza, da tuni ya bi ruwa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne zancen satar mazakuta, domin shi da jini yake tafiya.

Na taɓa tsayawa a gefen irin wannan taro a bakin wata tasha a cikin garin nan. Wani matashi ne ya riƙe mazugin wandonsa yana ihu, yana nuna wani mutum mai ɗauke da jakar bacco wanda ya yi masa sallama ya tambaye shi inda motar Illela take lodi. Kafin ka ce kwabo 'yan kabu-kabu sun jingine babura, masu tura baro sun ajiye kaya, wani ya riga ya cire masa hula da mari. Baƙon sai rantsuwa yake, muryarsa na rawa, ba mai saurare. Wani dattijo mai shagon buhunan hatsi ne ya ratsa taron, ya kama hannunsa ya shigar da shi ciki, ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya da ƙarfi: "Wa yag gani? Cikinku wa yag gani da idonai?" Ba wanda ya amsa. Haka ya tsare ƙofar har 'yan sanda suka zo suka tafi da su biyun. Taron ya watse, kowa ya tafi da labarin cewa an kama ɓarawon mazakuta a tasha. Ba wanda ya bi su ya ji abin da likita zai ce.

Likitoci kuwa sun daɗe da sanin abin. Idan tsoro mai tsanani ya kama namiji, jini yakan janye daga fata da gaɓoɓin waje ya koma ga zuciya da manyan tsokoki, gaba ya tsuke, kamar yadda yake yi a sanyin hunturu. Mutumin da ya kwana yana jin labarin ana sata, baƙo ya taɓa shi, ya firgita, ya kai hannu ya ji ba yadda ya saba ba, to ya gama yarda. Sau da yawa ba ƙarya yake shirgawa da gangan ba, abin da yake ji ne yake faɗa. Idan kuma aka ce ai ga shi nan, sai ya ce an mayar amma ba ya aiki, alhali fargaba kanta tana hana namiji kuzari. Ba mu kaɗai abin ya taɓa sama ba. A Singafo a 1967 ɗaruruwan maza sun cika asibitoci bayan an yaɗa cewa naman aladen da aka yi wa rigakafi yana sa gaba ya shige ciki. Hukumomin lafiya suka fito suka yi bayani a kafafen labarai, cikin ɗan lokaci abin ya lafa. A Ghana a 1997 an kashe mutane a kan wannan zargi. A Abuja a 2023 ƙorafe-ƙorafe suka yi yawa, 'yan sanda suka dinga kai masu ƙorafin asibiti, likitoci suna tabbatar da cewa komai na nan lafiya, har aka gurfanar da wasunsu a kotu bisa laifin ba da bayanin ƙarya. Bidiyon dukan ya zaga wayoyinmu. Sakamakon asibitin bai zaga ba.

Na san akwai mai cewa, to kana musun sihiri ke nan? Ba na musun abin da Alƙur'ani ya ambata. Amma addinin da ya gaya mana akwai sihiri shi ne ya ce a cikin Suratul Hujurati idan fasiƙi ya zo da labari a yi bincike, kada a cuci wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Shi ne ya ɗora wa mai ƙara nauyin kawo hujja, ya bar wa wanda ya musa rantsuwa. Kuma bai ba taron kasuwa ikon yanke hukunci ba ko da laifin ya tabbata. Garin da almajiransa ke zama gaban malami suna koyon wane ya ji daga wane kafin a karɓi hadisi, bai kamata a zubar da jinin mutum a cikinsa a kan "an ce" ba.

Mu lura kuma da wanda ake nunawa. Ba a taɓa nuna mai babbar riga da ya fito daga mota mai sanyi. Baƙo ake nunawa, mai tambayar hanya, mai tabin hankali, matar da ba a san danginta ba. Mu Sakkwatawa ya kamata mu fi kowa jin wannan a jikinmu, domin 'ya'yanmu ne ke cin rani a Kudu, suna dako, suna gadi, suna sayar da albasa, kuma a can su ne baƙin. A ƙarshen Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano don yin Sallah, bayan an yi musu ihun masu garkuwa da mutane. Mun yi kuka, mun nemi a yi adalci, kuma muna da gaskiya. Abin da aka yi musu bai bambanta da abin da taron tasha ya so yi wa mai jakar bacco ba.

Akwai kuma labarin ban mamaki da yake gaskiya ne, wanda rashin bin sa ya fi kowanne tsada. A 2010 aka fara jin cewa yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta Zamfara, suna suma suna jijjiga, ba a san dalili ba. Da an tsaya a kan "wata baƙuwar cuta" ko "iska ce", da an ci gaba da binne su. Ƙungiyar likitoci ta MSF da wasu masana suka bi diddigi, aka auna jini, aka auna ƙasa, sai ga gubar dalma. Duwatsun zinariya ne ake kawowa gida ana daka su ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Sama da yara 400 suka rasu. Amma da aka gano sanadin, aka kankare ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, aka ba dubban yara maganin da ke fitar da gubar daga jini. Tambayar "me ya jawo?" ce ta ceci waɗanda suka rayu.

A watan Afrilun 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta sanar da wata cuta da ba a gane ba a ƙaramar hukumar Isa, a nan jiharmu: mutum 164 da ake zargin sun kamu, yawancinsu yara, ciki yana kumbura da ruwa, ga zazzaɓi da amai da rama, huɗu sun rasu. Hukumar ta ce gwajin farko ya nuna dalma da wani ƙarfe a jinin wasu daga cikinsu, ta kuma ambaci haƙar ma'adinai da magungunan gona da ruwan sha cikin abubuwan da ake dubawa. Kwana nawa muka yi muna zancen? Bai kai rabin abin da muka ba goggon biri ba. Alhali waɗannan 'ya'yanmu ne, kuma rijiyar da suka sha da gonar da suka ci suna nan inda suke.

A nan ne nake ganin nauyin ya fi hawa kanmu masu aikin jarida, da masu shafukan Facebook da TikTok da suka mayar da abin mamaki sana'a saboda yawan masu kallo kuɗi ne. Idan gidan rediyo ya ba da labarin an kama mai satar mazakuta ranar Litinin, bashi ne a kansa ya aika wakili ofishin 'yan sanda da asibiti, ya dawo ranar Alhamis ya faɗi abin da aka gano, a cikin shirin da ya ba da na farko, da muryar da ya ba da shi. Idan mai shafi ya sa hoton fuskar mutum ya kira shi ɓarawo, likita ya wanke shi, to ya sa wankewar a inda ya sa zargin, domin mutumin yana da mata da 'ya'ya da surukai da suka gani. Limamai ma suna da rawar takawa, ba sai an jira an kashe wani ba kafin a yi huɗuba a kai.

A kan yaran Isa kuwa, 'yan majalisar da ke wakiltar yankin da ma'aikatar lafiya ta jiha su fito su karanta wa jama'a cikakken sakamakon binciken da Hausa a gidan rediyon Rima: me aka samu a jini, me aka samu a ruwa da ƙasa, wace rijiya za a daina sha, kuma ina uwa za ta kai ɗanta idan ta ga cikinsa ya fara kumbura.